Jawabin Ranar Aza Harsashin Masallaci: Barin Jayayya da Sauraro da Basira

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, Malam Liman ya umurce ni da in karanta wannan nasiha a madadinsa. Ya ce kafin a aza tubalin farko, wajibi ne mu tuna cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci masallatai biyu a cikin Suratut Tauba. Ɗaya an kafa shi bisa tsoron Allah, ɗayan kuwa an gina shi don cutarwa da raba kan muminai, har aka hana Manzon Allah tsayawa a cikinsa. Ashe ke nan ba ƙasa da duwatsu ke bambanta masallaci da masallaci ba, sai zukatan masu shi da harsunansu.

Ya ku 'yan'uwa, ba sai mun yi nisa wajen neman abin koyi ba. Ga Sifawa nan kusa da mu, inda Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa tun wajen shekarar 1810, har ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana zaune a Bodinga. Waɗannan bayin Allah biyu sun saɓa wa juna a kan mas'aloli, kamar hukuncin kaɗa ganguna da kayan bushe-bushe, da sunayen sarauta da ya dace a kira shugabanni da su. Malam Abdullahi ya tsananta, Shehu kuwa ya sassauta. A shekarar 1812 Shehu ya wallafa Najmul Ikhwan, Malam Abdullahi kuma ya wallafa Diya'us Sultan, kowa ya kawo hujjarsa a rubuce. Amma duk da haka, a cikin littafin nan nasa Shehu ya hori jama'a da su karanta littattafan ƙanensa da na ɗansa Muhammadu Bello. Abin da ya tsaya a kai shi ne, ba a tsananta wa Musulmi a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, zukata sun yi sanyi tsakanin Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello. Amma da tsanani ya sami Malam Abdullahi a Kalambaina, sai Bello ya kawo masa gudummawa, suka daidaita. Da kowannensu ya nace sai an ce shi ke da gaskiya, da aikin Shehu ya wargaje tun a hannun farko.

To, mu fa? Kowa a nan ya ji labarin garuruwan da masallaci ɗaya ya zama biyu saboda ƙabalu da sadalu, maƙwabci ya daina gaida maƙwabcinsa, alhali kuwa alƙiblarsu ɗaya. An ruwaito a cikin littafin Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lamunce gida a Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya. Ku lura, ba marar gaskiya kaɗai aka nema ya yi shiru ba. Domin gardama idan ta yi tsawo, gaskiya takan fita ta bar son rai shi kaɗai a wurin.

Kada wani ya ɗauka barin jayayya shi ne toshe kunne ko haɗiye kowace magana. Suratuz Zumar ta yaba wa masu sauraron zance su bi mafi kyawunsa, Suratul Hujurat kuma ta umurce mu da bincike idan fasiƙi ya kawo mana labari. Yau wa'azi yana shigo mana ta rediyo da wayar hannu dare da rana. Saboda haka mai hankali zai tambayi kansa abu uku: wa ya faɗi wannan magana? Mece ce hujjarsa? Idan na ɗauke ta na kai gaba, gyara za ta yi ko ɓarna?

Game da aikin da ke gabanmu, Malam Liman yana roƙon jama'a abu biyu. Na farko, duk wanda ya ji wata magana a kan kuɗin gini, kada ya kai ta kasuwa ko majalisa. Littafin gudummawa a buɗe yake, ya zo ya duba da idonsa. Na biyu, duk wanda wata mas'ala ta shige wa duhu, ya same shi a zaure bayan la'asar, a buɗe littafi. Cikin masallaci kuwa wurin salla ne da ambaton Allah.

Muna godiya ga dukkan waɗanda suka taimaka: mai kuɗi, da manomin da ya kawo damin gero, da iyayenmu mata, da samarin da suka yi ta ɗebo yashi da ruwa. Amanarku tana wuyanmu. Kada mu bari harsunanmu su rushe abin da hannuwanku suka gina.

Allah ya karɓi wannan aiki, ya nuna mana ranar buɗe shi, ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.