Ƙamshin da ke Kwantar da Mutum, da Maganin Zantawa



A Katsina biki ba ya cika sai da turaren wuta da humra. Amma akwai bayin Allah da wannan ƙamshi ke kwantar da su: kai ya sara, jiri ya kwashe su, numfashi ya sarƙe. Haka warin fetur, hayaƙin janareto da fiya-fiya ke yi masu. Su je asibiti a auna jini, a ɗauki hoton ƙirji, a ce lafiya lau. A gida kuma a ce iska ce, ko sammu, ko tsabar raki.

Likitoci sun san wannan lalura. Mark Cullen, wani likita a Amurka, shi ya raɗa mata suna a 1987: rashin jure sinadarai iri-iri. Har yau ana gardama kan tushenta. A 2006 wasu masana a Landan suka bi diddigin gwaje-gwaje 37, suka ga in an ɓoye warin yadda hanci ba zai gane ba, galibin masu lalurar ba sa bambance sinadarin gaske da na bogi. A jami'ar Leuven ta Beljiyam kuwa, an shaƙa wa lafiyayyu iska mai takura numfashi haɗe da wani wari. Daga baya warin kaɗai ya ishi jikinsu ya tayar da ciwon. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura.

Ku lura, ba ƙarya suke yi ba. Ciwon na gaske ne, wataƙila jiki ne ya koyi tsoro, kuma abin da aka koya ana iya warware shi. Nan ne aikin masanin halayyar ɗan Adam: ya zauna da mutum, ya saurare shi ba tare da ƙaryatawa ba, ya koya masa saisaita numfashi, sannan a hankali, da yardarsa, ya sake kusantar kasuwa da masallaci da gidan biki da ya ƙaurace wa. Ba na yi maku alkawarin waraka. Wani gwajin maganin zantawa a Danmak a 2015 bai rage nauyin lalurar ba, sai dai ya gyara yadda masu ita ke kallonta.

Sharaɗi ɗaya: a fara da likitan jiki. Asma tana nan, manomi mai feshi ba kariya kuwa guba ce ta gaske yake shaƙa. Kada a tura shi zantawa.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Don haka ina roƙon Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua su horar mana da masu wannan aiki da Hausa. Ku kuma iyaye mata, in 'yarku ta ce turare na cutar da ita, ku fitar da kaskon waje, ku kai ta asibiti.