Keken da ba shi da birki

Yau hirar ta keke ce, amma ba irin naku mai ɗaukar jarkoki huɗu da buhun gero ba.

Kowace shekara hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai hedkwata a Switzerland, tana shirya gasar matasa 'yan shekara 17 da 18, maza da mata. Ba a kan titi ake yin ta ba. Fili ne na musamman, yawanci na katako, zagayensa mita 250, wato zagaye huɗu kilomita guda. A kwanoninsa biyu katakon ya miƙe sama kamar gefen ƙwarya, wanda ya yi sanyin gudu a wurin sai ya zame ya faɗo.

To ku ji keken. Ba birki, ba canjin giya. Muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ba damar ka saki ƙafa ka huta kamar yadda kuke yi a gangare. In za ka tsaya, da ƙarfin cinya za ka rage gudu. A haka yaran nan ke wuce kilomita 60 a awa, kafaɗa da kafaɗa. Ni kam ko kyauta aka ba ni ba zan hau ba.

Tseren iri-iri ne, biyu suka fi burge ni. Akwai keirin, ɗan asalin Japan: babur ne ke gaba yana ja musu gudu, in ya kai kusan kilomita 50 a awa sai ya kauce, su kuma a sa zare. Ɗayan kuwa, duk bayan zagaye biyu ana cire wanda ya zo ƙarshe, har a bar mutum ɗaya. Makiyayi ya san wannan, dabbar da ke bayan garke ita kura ke ɗauka. Zakara yana samun lambar zinariya da farar riga mai ratsi biyar.

Gasar ta sha zuwa Afirka. An yi ta a Cape Town a 2008, aka yi a Alƙahira a 2021. Sai dai filayen nan 'yan kaɗan ne a nahiyarmu, kuma yaron da bai taɓa hawa wannan gangaren ba, ko ya fi kowa ƙarfi a garinsu, ba ya iya koyonsa cikin mako guda. A Abuja akwai ɗaya, an gina shi don wasannin Afirka na 2003, a nan aka yi gasar nahiyar ta 2022. Kayan aikin ma wata matsala ce. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye da keken aro ta yi tseren fili, 'yan Jamus ne suka ara mata.

Abin da ke cin raina ke nan. Ranar kasuwa ina ganin yara 'yan sha bakwai suna tuƙo kaya cikin yashi tun asuba, ba wanda ya taɓa auna gudunsu da agogo. Daga nan zuwa filin Abuja kuwa tafiyar yini ce a mota, in hanya ta yi kyau.

Bayan waƙa sai farashin dabbobi na wannan mako.