MU ƘIDAYA TSUNTSAYEN GARINMU

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Ungogo



Yau ba zancen baƙi da wasali za mu yi ba. Zancen tsuntsaye za mu yi, da yadda a ke ƙidaya su. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, "Ashe malamin nan ya rasa aikin yi. Tsuntsun Allah da ke sama, wa ya aike shi ƙidaya?" Wani dattijo kuwa da jin an ce ƙidaya sai ya tuna da jangali. To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Haraji da jangali tun 1979 aka soke su a Jihar Kano, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma ko a da can ba a taɓa karɓar jangalin kurciya ba.

Bari in fara da tambaya. Yaushe rabonku da ganin ungulu?

Dattawan da ke nan sun san lokacin da ba a yanka a mahauta sai ungulu ta kewaye mahauci, har sai ya sa yaro ya riƙa kora. Sun san ta bisa rimi, sun san ta bisa katangar kasuwa. Yau kuwa akwai yaran da aka haifa har suka isa aure ba su taɓa ganinta ba, sai dai su ji sunanta a karin magana. A kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Ga tsamiyar nan tsaye, ungulun ce babu. Amma wa zai tashi ya gaya mana shekarar da ta fara raguwa? Nawa ne a mahautarmu shekara arba'in da suka wuce, nawa suka rage bayan shekara goma? Kowa sai ya ce, "Ai da akwai su da yawa." "Da yawa" ba lissafi ba ne. Abin da ke raguwa kaɗan kaɗan ido ba ya lura da shi, sai ranar da aka waiwaya aka ga wayam.

Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay shi ya yi abin da mu ba mu yi ba. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin mota na ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso, tafiyar da ta fi kilomita 8,000, yana rubuta kowace ungulu da shaho da shirwa da ya gani. Ya ajiye littafinsa. A 2003 da 2004, watau bayan shekara talatin, ya komo ya sake bin hanyoyin nan, ya ƙidaya kamar yadda ya yi da fari. Da ya gwada lissafin biyu, sai ya ga manyan ungulayen daji, inda a da ya ga ɗari, yanzu ko biyar ba su cika ba, in ba cikin gandun dajin da a ke tsaro ba. Ƙaramar ungulun nan ta cikin gari kuwa, wadda muka sani, kusan rabi ta tafi. Da irin wannan lissafi aka farkar da duniya, har a 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

Me ya cinye ta? Masu kamawa su sayar da kanta da ƙafafunta don tsibbu, da masu zuba guba a mushe, da masu sare dogayen itatuwan da ta ke sheƙa a kai. Ga shi kuwa ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara. Zabuwa in an kwashe mata ƙwai gobe ta sake zubawa, ungulu sai baɗi.

Wani zai ce, "To, in ta ƙare sai me? Ai ba cinta mu ke yi ba." Ku ji abin da ya sami ƙasar Indiya. Can akwai ungulu miliyoyi. Daga wajen 1990 sai suka shiga mutuwa, har fiye da 95 cikin 100 suka ƙare. Da aka bincika sai aka tarar wani maganin ciwon jiki ne da a ke ba shanu, sunansa diclofenac. In saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan mushe ya riga ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya ɓaci, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, su kuwa su ne masu yaɗa ciwon haukan kare. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi. Ba a san darajarta ba sai da ta bar aiki.

Wannan ita ce ƙidaya. Akwai kuma wata dabara, ta sa zobe.

Mutanen Turai sun daɗe suna mamakin inda tsuntsayensu su ke zuwa in sanyi ya shigo, har wasu na cewa cikin taɓo su ke shiga su yi barci. A 1822, kusa da wani gari wai shi Klütz a ƙasar Jamus, aka sami wani babban farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa da mashi soke a wuyansa. Da aka duba mashin sai aka ga na mutanen Afirka ne. Da shi ya ƙetare hamada da teku! Har yanzu gawarsa na ajiye a jami'ar Rostock. Sa'an nan a 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, sunansa Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben farin ƙarfe marar nauyi a ƙafa, da lamba a jiki, ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aiko da lambar, a san inda ya kai. Ku lura, malamin makaranta ne, ba wani attajiri ba.

A nan Kano ma an yi wannan aiki. Wani Bature mai suna Sharland ya yi shekaru yana sa wa tsuntsaye zobe a Kano, kuma a 1981 shi da Roger Wilkinson, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano, lokacin Jigawa ba ta fita ba. Saboda haka in kun sami tsuntsu da zobe, ba laya ba ce, ba sammu ba ne, ba kuwa kuɗi a ciki. Kada wani ya harbe tsuntsu don zobensa. In matacce ne a cire zoben, in mai rai ne a kwafe abin da ke jiki a sake shi. A rubuta ranar da wurin, a kawo wa malamin aji. Lambar na tare da sunan ƙasar da aka sa shi, da baƙaƙen boko irin waɗanda ku ke koyo.

Gabas da mu, a fadamun Haɗejiya da Nguru, a kan yi babbar ƙidaya cikin watan Janairu, sa'ad da agwagin ruwa na Turai da Rasha suka sauko gudun sanyi suka haɗu da ɗinya da kirinjijiya na gida. A Janairun 1996 an sami tsuntsayen ruwa kamar 200,000, a Janairun 1997 aka sami fiye da 300,000. Wannan lissafi ya shafe mu, gama ruwan da ke malala a fadamun nan daga ƙasar Kano ya ke tafiya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu. Inda ruwa ya janye tsuntsu ba ya sauka, kuma a nan ne masunci ke rasa kifi, mai shinkafa ya rasa fadama, makiyayi ya rasa ciyawar rani. Mai ƙidayar agwagi, ko ya sani ko bai sani ba, abincin mutane ya ke aunawa.

To, mu komo gida. Mu nan Ungogo ba mu da fadama irin ta Nguru, ba mu da daji irin na Falgore. Ƙasarmu gona ce ta dafa gona. Tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bincike a kan yadda mutane suka cika ƙasar Ungogo, ga shi a ƙidayar 2006 mun haura mutum 360,000, birni kuwa kullum sai ƙara matsowa ya ke yi ta Bachirawa da Rijiyar Zaki. Barewa da gada sun daɗe da barinmu. Gauraka ma yau da wuya a gan ta ko'ina cikin Arewa. Abin da ya rage mana shi ne na cikin gona da na kan itace: shamuwa, balbela, hazbiya, kurciya, cilakowa, shirwa, hankaka, mujiya, sai zomo da kurege da bushiya da damo. Duk wanda ya bar kuka ko ɗorawa ko gawo a gonarsa, ya ba waɗannan masauki.

Ni a ganina da shamuwa ya kamata mu fara, don ba wanda bai san ta ba, ba ta kuwa gudun mutane. Kowa ya san in ta iso damina ta kusa. Amma kun san inda ta ke zuwa in ta bar mu da kaka? Ba ɓuya ta ke yi ba. Kudu ta ke yi, ta ƙetare tsakiyar Afirka har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, gama lokacin da mu ke rani su damina su ke yi. Can ta ci fara da tsutsa, nan ta ci fara da tsutsa, amma a nan wurinmu ta ke ƙwai ta yi 'ya'ya. Ashe ke nan ba baƙuwa ba ce, 'yar gari ce mai zuwa cin rani.

Ga yadda za a yi. Kowane aji ya ware littafin rubutu guda, a rubuta a bangonsa Littafin Tsuntsaye, da sunan gari. A ja layi a raba shafi gida huɗu: rana da wata, wuri, sunan tsuntsu, sai adadi. Ranar da aka fara ganin shamuwa a rubuta. Ranar da ruwan shuka ya sauka a rubuta a ƙarƙashinta. In sun zauna sun yi sheƙa, mutum biyu su zaga gari su ƙidaya sheƙunan, itace itace: kukar bakin kasuwa sheƙa kaza, tsamiyar ƙofar masallaci sheƙa kaza. Sheƙa ta fi tsuntsu daɗin ƙidaya, don ba ta tashi. Kada a hau itacen, kada a bar yara su yi jifa. Daga ƙasa za a duba.

Sharaɗin aikin guda ne, shi ne kuwa mutane suka fi karyawa. Yadda aka ƙidaya bana, haka za a ƙidaya baɗi: wuri ɗaya, wata ɗaya, lokaci ɗaya. In bana ka ƙidaya balbelu da magariba sa'ad da su ke komowa itacen kwanansu, baɗi kuma ka ƙidaya da rana tsaka suna bayan shanu, lissafinka ya zama na mai auna hatsi yau da tiya gobe da ƙwarya. Da Bafaranshen nan ya sake hanya a zuwansa na biyu, da wahalar banza ya sha.

In garke ne babba, ba a bin su ɗaya ɗaya. Ka ƙidaya goma, ka ga girman gomar nan a ido, sa'an nan ka riƙa yankan garken goma goma, kowace goma ka jefa tsakuwa a aljihu. In sun wuce ka zazzage ka lissafa. Mutum biyu su yi, kowa nasa, sa'an nan su gwada. Kada a ƙara gishiri. Wanda ya ga bakwai ya rubuta 7, ko da maƙwabcinsa ya ce shi saba'in ya gani.

Abin da ya fi wuya shi ne rubuta sifiri. Ran kasuwa a sami mai zuwa mahauta ya tsaya rabin sa'a ya duba ungulu. In bai ga ko ɗaya ba, kada ya ce ba abin rubutawa. Ya rubuta ranar, ya rubuta 0. Shafin da aka bari fari ba ya gaya wa kowa kome, don ba a san ko an je ba a gani ba, ko ba a je ba. Sifiri kuwa shaida ce. In Allah ya sa wata rana aka ga guda biyu bisa rimi, sifirin nan na baya su za su nuna cewa abu ya sake.

Maharba da ke cikinmu, ku ne malamanmu a nan. Kun san sawun zomo, kun san ramin damo, kun san watan da kowace dabba ke da ciki. Ku faɗa a rubuta, har da abin da kuka daina gani da shekarar da kuka yi masa ganin ƙarshe. Mata kuwa ku kuka fi kowa sanin abin da ke sauka a tsakar gida da bakin rijiya. Ba kuma cewa na yi kowane tsuntsu abokin manomi ne ba. Jan-baki ɓarawon gero da dawa ne. Shi ma a rubuta ranar da aka ga garkensa da inda ya nufa, a gaya wa malamin gona da wuri.

Littafin nan ba a aji zai tsaya ba. Tun Disamban 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar duka gida gida, kowane gida kamar kilomita tara tsawo, tara faɗi. Masu aikin sa kai su kan shiga gida guda su yi aƙalla sa'a biyu suna rubuta kowane irin tsuntsu suka gani, su aika ta wayar hannu. Samarinmu na Arewa da yawa suna ciki. Amma su baƙi ne, yau su zo gobe su wuce. Ranar da shamuwa ta sauka a Fanisau ko Kadawa ko Rangaza, sai wanda ya kwana a garin ya san ta.

Malaman aji, kowa ya zo da littafinsa guda ranar Alhamis mu ja layukan tare. A zaɓi mutum biyu masu zagayen itatuwa, da mutum guda na mahauta. Shafin farko a bar wa dattawa, su faɗi sunayen tsuntsaye da namun da suka sani a ƙasar nan suna yara, 'yan aji su rubuta da hannunsu. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.