Suna Ɗaya, Numfashi Daban-Daban: Ciwon Fuka a Tsakanin 'Ya'yan Latino a Amurka



Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da yaro mai ciwon fuka, wato abin da likitoci ke kira asma, ba ya mance wannan dare. Ƙirji na fito kamar ana busa sarewa, yaro ya kasa kwanciya, uwa ta tasa shi gaba har asuba. Abin da ke faruwa shi ne, hanyoyin iska na cikin huhu sun kumbura, naman da ke kewaye da su ya tsuke, majina kuma ta cika ɗan abin da ya rage. Ga iska cike da ɗaki, amma hanyar shigarta ta ƙuntata.

Yau za mu ɗauke ku zuwa Amurka, mu duba yadda wannan ciwo yake addabar 'ya'yan mutanen da ake kira Latino, wato waɗanda asalinsu ya fito daga Meziko da tsibirin Puerto Rico da Kiyuba da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka. A ƙidayar 2020 yawansu ya kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na mutanen ƙasar. Abin da muke so mu nuna shi ne, idan hukuma ta yi wa jama'a kuɗin goro a lissafi, to, masu shan wuya sukan ɓace a cikin taro.

An daɗe ana tara waɗannan mutane a layi ɗaya na takardun lafiya. In an yi haka, sai a ga yawan masu fuka a cikinsu bai yi nisa da na fararen fata ba, hankalin ma'aikaci ya kwanta. A 2006 Dokta Marielena Lara da abokan aikinta suka buga wani bincike a mujallar Pediatrics, inda suka rarrabe yaran bisa asalinsu. Suka tarar cewa cikin kowane yara 100 'yan asalin Puerto Rico, an taɓa samun 26 da fuka. A wajen baƙar fata 16 ne, fararen fata 13, 'yan asalin Meziko kuwa 10 kacal. Ashe waɗanda suka fi kowa shan wuya da waɗanda suka fi kowa samun sauƙi suna ƙarƙashin suna ɗaya. Da yake kuma 'yan Meziko sun fi yawa nesa ba kusa ba, sai adadinsu ya lulluɓe na 'yan'uwansu.

To, me ya jawo wannan rata? Sai mun ɗan waiwayi tarihi. Amurka ta karɓe Puerto Rico daga hannun Sifen a 1898, a 1917 kuma ta mai da mutanen tsibirin 'yan ƙasarta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ta kwarara birnin Niyok neman aiki, suka sauka a unguwannin talakawa na gabashin Harlem da kudancin Bronx. A daidai wannan lokaci, daga 1948 zuwa 1972, aka keta Bronx da wata babbar hanyar mota, Cross Bronx Expressway, bisa tsarin Robert Moses. A wannan yanki ne kuma aka kafa babbar kasuwar abinci ta Hunts Point, da wuraren tara sharar birni. Dubban manyan motoci masu shan man dizal ke ratsa wurin kullum, hayaƙinsu na shiga azuzuwa da ɗakunan kwana. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da aka ja layin hanya a kan taswira, ranar aka yanke wa yaran da ba a ko haifa ba irin iskar da za su shaƙa.

Cikin gida ma ba a tsira ba. Tsofaffin gidajen haya suna yoyo, bango ya yi fumfuna, ɓeraye da kyankyasai su sami mafaka. A 1997 wani bincike da aka yi kan yaran unguwannin talakawa na manyan biranen Amurka ya nuna cewa yaron da jikinsa ba ya jituwa da dattin kyankyaso, kuma ɗakinsa cike yake da shi, ya fi sauran yawan kwanciya asibiti kusan ninki uku.

A can tsibirin ma ciwon ya yi yawa. Kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanensa talakawa ne bisa ma'aunin Amurka, ga laima mai raya fumfuna, ga guguwar Maria ta 2017 da ta yaye rufin gidaje, ta bar jama'a wata da watanni suna shaƙar hayaƙin janareto. Wani abin da zai ba ku mamaki, ƙurar Sahara, 'yar'uwar wadda ke rufe mu da hazo lokacin hunturu, takan ƙetare tekun Atlantika ta sauka a kansu, kamar yadda ta yi ƙwarai a watan Yuni na 2020.

Wani zai tashi ya ce, ai wannan gado ne, a jini yake. Ba za mu ce babu ƙamshin gaskiya a maganarsa ba. A 2004 Dokta Esteban Burchard na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinsa sun nuna cewa maganin shaƙa na albuterol, wanda ke buɗe ƙirji nan take, bai cika yi wa 'yan Puerto Rico aiki kamar yadda yake yi wa 'yan Meziko ba. Amma jini kaɗai bai isa hujja ba. Bincike ya nuna 'yan asalin Meziko da aka haifa a Amurka sun fi waɗanda aka haifa a Meziko kamuwa da fuka. Haka nan a lardin Imperial na kudancin Kalifoniya, inda mafi yawan jama'a 'yan asalin Meziko ne, tafkin Salton yana ƙafewa, iska na kwasar ƙurar bakinsa, kuma yaran wurin suna cikin waɗanda aka fi garzayawa da su asibiti saboda fuka a duk jihar. Jini ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta. Kada kuma mu manta, iyalai da yawa 'yan Meziko ba su da inshorar lafiya, yaron da bai ga likita ba kuwa ba ya shiga lissafi.

Sai batun magani. Maganin fuka iri biyu ne: akwai na agajin gaggawa, akwai kuma na shaƙa kullum wanda ke kwantar da kumburi tun ciwo bai tashi ba. An sha gano cewa 'ya'yan Latino ba su cika samun na biyun ba. Uwa mai jin Sifaniyanci kaɗai, in ba a kawo mata tafinta ba, ta ina za ta gane cewa ana ci gaba da ba yaro magani ko da ya warware? Ranar da ta bar aiki don ganin likita kuwa, ranar ba ta da lada. Sai a jira har dare ya raba, a ruga ɗakin gaggawa, yaro ya rasa makaranta, uwa ta rasa kuɗin cefane.

Mutanen nan ba su naɗe hannu ba. A 1969 samarin ƙungiyar Young Lords, tsararrakinmu a shekaru, suka share sharar da hukuma ta yi watsi da ita a gabashin Harlem, suka jibge ta a tsakiyar titi don a dube su. A 1970 suka mamaye asibitin Lincoln na Bronx suna neman gyara. A 2018 kuma birnin Niyok ya kafa doka mai lamba 55, wadda ta tilasta wa masu gidajen haya kawar da fumfuna da ɓeraye da kyankyasai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya yi magana ake hawa rufin.

'Yan'uwa, gobe wasunmu ne za su riƙe fayil a ma'aikatar lafiya, wasu a ofishin tsara birane, wasu a ofishin ƙididdiga. In aka kawo mana adadi ɗaya da sunan jama'a masu yawa, mu ce a rarraba mana shi, unguwa-unguwa, gida-gida. In aka kawo taswirar hanya ko tashar mota ko juji a sa hannu, mu tambaya 'ya'yan wa ke kwana a gefen wurin. Yaron da ke haƙi da tsakar dare bai san sunan ma'aikacin da ya sa hannu ba, amma ƙirjinsa ne ke biyan bashin.