Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Ilimin Kwamfuta na Gundumomin Tasawa da Mayahi

 

Bayan godiya ga Allah da jinjina ga iyayen da suka ɗauki nauyin wannan karatu, ya dace taron ya dubi wani fanni na ilimin kwamfuta wanda sababbin kamfanoni a Amurka da Turai ke rububinsa, shi ne hujja marar tonon asiri, wato hanyar lissafi da mutum zai tabbatar wa wani cewa maganarsa gaskiya ce ba tare da ya bayyana masa bayanan da maganar ta dogara a kansu ba. Masana uku, Shafi Goldwasser da Silvio Micali da Charles Rackoff, su ne suka kafa tushen fannin a wata maƙala ta shekarar 1985, kuma biyun farko sun samu lambar yabo ta Turing ta 2012, wadda ita ce mafi girma a ilimin kwamfuta. Sharuɗɗan irin wannan hujja uku ne: mai gaskiya ya iya gamsar da mai bincike, maƙaryaci ya kasa yaudararsa, sannan mai binciken ya tashi bai ƙaru da sanin komai ba face cewa maganar gaskiya ce.

Ilimin ya daɗe a cikin littattafai kafin ya shiga kasuwa. Kuɗin intanet na Zcash ya fara aiki da shi a 2016, an kafa kamfanin StarkWare a Isra'ila a 2018, sannan a 2022 kamfanin RISC Zero na Amurka ya fitar da wata manhaja wadda take gudanar da aikin da aka rubuta da harshen kwamfuta na Rust, ta bayar da sakamako tare da 'yar gajeruwar shaida cewa an bi ƙa'idar lissafin daga farko har ƙarshe. Wannan shi ake kira lissafi mai tabbatuwa, kuma amfaninsa shi ne mai shakka ba ya bukatar maimaita aikin ko yarda da mai na'urar, domin duba shaidar kaɗai ya wadatar, alhali dubawar ba ta fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta ko wayar hannu ba.

Mutanen wannan yanki sun san matsalar da fasahar take son warwarewa tun kafin ta shiga kasuwa. Tun ƙarshen shekarun 1990 manoman Nijar suke jinginar da hatsi a tsarin da ake kira warantaj, inda ƙungiyar manoma take ajiye gero ko wake a mangaza bayan girbi, ta karɓi rance, ta jira farashi ya tashi, kuma ƙofar mangazar tana ɗauke da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun manoma, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rancen, ta yadda babu wanda zai buɗe ta shi kaɗai. Hujja marar tonon asiri tana yi wa bayanai abin da kwaɗon nan biyu suke yi wa hatsi, domin tana sa mutane biyu da ba su gama yarda da juna ba su yi hulɗa hankali kwance.

Inda al'amarin ya fi taɓa zuciya shi ne rabon tallafi. A shekarar 2008 ƙungiyar Save the Children ta raba kuɗi ga gidaje 1,500 mafi talauci a gundumar Tasawa a lokacin da rumbuna suka ƙare kafin sabon amfanin gona ya nuna, daga baya kuma shirin tallafin gwamnati da Bankin Duniya ya mara wa baya daga 2011 ya riƙa ba gidajen da aka zaɓa sefa 10,000 a kowane wata. Tallafin ya tsare rayuka, wannan babu musu, amma hanyar shiga jerin sunayen tana da nauyi, domin sai an tambayi maigida ko uwargida yawan awaki, da irin rufin ɗaki, da sau nawa ake ɗora tukunya a rana, sannan amsoshin su bi hannu zuwa hannu, daga mai tambaya zuwa ofis, daga ofis zuwa masu ba da kuɗi a ƙasashen waje waɗanda su ma suna da haƙƙin sanin cewa an yi rabon bisa ƙa'ida. Bahaushe yana roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, kuma bai kamata talauci ya zama dalilin da za a hana shi abin da mai hali yake samu kyauta ba. Da wannan fasaha, ofis zai iya gabatar da shaidar cewa kowane gida da aka biya ya cika sharaɗi, kuma ba a biya kowa sau biyu ba, ba tare da suna ko sirrin gida ɗaya ya fita ba. Wannan ya yi daidai da manufar dokar kare bayanan mutane da Nijar ta kafa a 2017.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar abin ƙarara, domin masu tallata shi ba kasafai suke faɗa ba. Shaidar tana tabbatar da cewa an yi lissafi daidai a kan bayanan da aka shigar, ba ta san ko bayanan gaskiya ne ba. Idan mai awo ya rage tiya, ko mai ƙidaya ya rubuta ɗan'uwansa cikin matalauta, kwamfuta za ta fitar da cikakkiyar shaida a kan ƙarya. Saboda haka kwamitocin gari, da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta samar, da ma'aikacin da yake tsoron Allah a bakin mangaza, suna nan da muhimmancinsu. Haɗa shaidar kuma yana cin ƙarfin na'ura ninki dubbai fiye da yin lissafin kawai, wanda ke nufin lantarki mai yawa, kuma jihar Maraɗi, wadda wutarta ke zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, ba ta manta da yankewar wutar a watan Agusta na 2023 ba.

Ga ɗaliban da ake yayewa, ƙofar wannan fanni a buɗe take, tunda manhajojin da aka ambata ana samun rubutunsu kyauta a intanet, kuma abin da ake bukata shi ne lissafi mai zurfi, da Turanci ko Faransanci na karatu, da haƙuri. Wanda zai kafa kamfani a cikinsu ya fara da zama da manoman gero na Tasawa da masu sana'ar kaba na Gulbin Kaba a Mayahi, ya ji abin da suke tsoron a fallasa da abin da suke so a tabbatar, kafin ya rubuta layi ɗaya. Ana kira ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta ƙarfafa koyar da ilimin ɓoye saƙo, ga attajiran yankin da su zuba jari a kan waɗannan matasa, ga hukumomi kuma da su ba su damar gwada aikinsu a kan ƙaramin shiri kafin a sayo manhaja daga waje.