Poliyamori, mata huɗu da maganar yarda



Kwanakin nan a TikTok ana ta yawo da kalmar poliyamori, har wasu samari na cewa ai Turawa ne sunka dawo hanyarmu ta mata huɗu. To, mu tsaya mu duba.

Kalmar ta ɓulla a Amurka a 1990. Ma'anarta mutum, namiji ko mace, ya yi soyayya da fiye da mutum guda, kowa ya sani kuma kowa ya yarda. Ba aure ba ne, don dokar Amurka ta hana auren fiye da mutum ɗaya. A 2020 dai garin Samabil na jihar Masacusets ya fara yi wa irin wannan zama rajista. Mu kuwa namu aure ne mai sadaki, waliyyi da shaidu, namiji kaɗai ke ƙarawa, kuma Suratun Nisa'i ta gindaya sharaɗin adalci. Ke nan ba abu ɗaya ba ne, kuma ban zo tallar wancan ba.

Amma akwai tambaya guda da masu wancan tsari suke farawa da ita, mu kuwa muna tsallake ta: wa ya sani, wa ya yarda?

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan aure a Nijar suna da kishiya. Nawa ne cikinsu aka zauna da su tun kafin a kai kuɗi? Wata a bakin maƙwabta take ji. Wata sai ta ga kayan faɗar kishiya an dire mata. Ga kuma mai mata ɗaya a gida da budurwa a ɓoye, yana zagin Turawa a fada.

Wasu ƙasashen Musulmi sun taɓa wannan batu. A Sanagal, dokar iyali ta 1972 ta sa ango ya faɗi zaɓinsa ranar rajistar aure: mace ɗaya ko fiye. A Maroko, tun 2004 sai da izinin alƙali, kuma sai an sanar da uwargida. Mu har yau ba mu da dokar iyali.

Kafin doka ta zo, baki namu ne. Ɗan'uwa, in kana da niyyar ƙari, faɗa mata tun kuna zance. Ƴar'uwa, tambaye shi kafin a sa rana, kar kunya ta cuce ki.

Filin tambayoyi a buɗe yake.