Hoton Harlem na 1958

Ranar 12 ga Agusta 1958, Art Kane ya tara makaɗan jazz 57 a ƙofar wani gida a unguwar Harlem ta birnin New York, domin ya ɗauki hotonsu don mujallar Esquire. Ƙarfe goma na safe aka kira su, mutanen da ke kwana kiɗa! Amma suka hallara. Count Basie ya gaji da tsayuwa, ya zauna bakin titi cikin yaran unguwa. Dizzy Gillespie kuwa harshe ya zaro yana tsokanar Roy Eldridge. Mata uku kacal suka shiga hoton, abin da a ganina ya yi kaɗan, ko da yake akwai gwana Mary Lou Williams. Da Benny Golson ya rasu a 2024, Sonny Rollins kaɗai ya rage cikinsu.